Gwiwar Koci Sada

Ƙanena Sada ya shekara ashirin yana horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a Katsina, kowa na son sa. A 2013 na rako shi Alƙahira aikin gwiwa. Likita ya hana shi taka ƙafar sai bayan wata biyu.

Kwana tara da aikin, tsofaffin ɗalibansa da ke karatu a jami'ar Ainu Shams, nan Alƙahira, suka zo ɗaukarsa kallon wasansu.

Na ce, "Sada, ba inda za ka."

"Yaya, zama kawai zan yi."

A filin wani ya ɓarar da fanareti, sai Sada ya miƙe ya nuna masa yadda ake bugawa. Wannan bugun ne ya lalata gwiwar gaba ɗaya. A keken guragu ya ƙarasa rayuwarsa. Har yau ɗalibansa suna yabon wannan bugun. Ni na tura keken shekara biyu.