Fitilar Kifin Dayo

Duk wanda ya daɗe a Mokola ta Ibadan ya san Akanmu mai gyaran rediyo. Siriri ne, wuya kamar na zalɓe, tabarau ɗaure da zare. Shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dalma a rumfa, har wayar hannu ta zo ta binne sana'ar da ranta. Hannunsa akwai albarka, kan ne dai dutse: in ya kafe, sai dai ka zagaye shi.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Dayo. Ranar da Dayo zai bi hanyar hamada neman Turai, bai bar wa iyayensa komai ba sai akwatin gilashi da jajayen kifi biyar a ciki, irin na ado, waɗanda ko kyanwa ba za su ƙosar ba. Ya ce, "Baba, amana. Kada su mutu kafin in dawo."

Daga Agadas ya kira sau biyu. Shi ke nan. Shekara uku, ko tari.

Matar Akanmu, Ashake, ta gaji da jira. Ta so a tara malamai a yi wa yaron addu'ar mamaci, a raba ƙosan sadaka, ko zuciyarta ta sami wurin kwanciya. Akanmu ya ce atafau.

"Iya Dayo, mai rai kike so a yi wa sadaka? Ga kifinsa nan suna iyo."

"Kifi ne zai faɗa maka? To tambaye su lambar wayarsa mana, tunda kun zama 'yan uwa."

Da rana ko kallon akwatin ba ta yi, wai ƙazantar banza ce a falo. Amma wani dare da aka ɗauke wuta, Akanmu ya fito ya tarar da ita durƙushe, tana ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga kifin, leɓenta na motsi. Ya koma ɗaki a hankali.

Washegari ya zazzage buhun tarkacensa don ya haɗa wa kifin fitila. Ya ciro ƙananan ƙwayaye daga matattun tocila guda shida, ya jera su cikin tsagin bututun roba, ya liƙe da dalma, ya shimfiɗa takardar azurfa ta kwalin sigari a baya don hasken ya zuba ƙasa. Batirin babur ya samo, na wani maƙwabci da ya daina acaɓa. Murfin akwatin ya hana fitilar zama daidai, sai ya cire shi ya jingine a bango.

Da magariba ya haɗa waya. Ruwan ya ɗauki haske shuɗi-shuɗi kamar farin wata, kifin suka yi jawur a ciki.

Ashake ta taɓe baki. "Baba Dayo, mu muna cin amala a duhu, surukanka na cikin lantarki."

Ta faɗa, ta kuma jawo kujera. Kusan wata biyu nan suke zama bayan isha'i, ba hira, kowa da abin da yake gani a ruwan.

To, ga inda wayon maza ke ƙarewa. Duk macen da ta taɓa riƙe gida a garin nan ta san fitila bisa ruwa tarkon shinge ce, garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan sama. Haka muke kama su: kwano da ruwa, fitila a kai. Mai tabarau bai tuna ba.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, zafi ya biyo baya, suka kwanta taga a buɗe. Unguwa duhu, fitila ɗaya tak ke ci, ta Akanmu. Shingen Mokola kaf suka yo gidansa.

Da asuba Ashake ce ta fara gani. Ruwan ya toshe da fukafukai, kauri kamar kunu. Ta sa hannu ta yaye. Biyar ɗin duk sun juya ciki sama. A waje mata na ta shewa, ana soya shinge da gishiri, ƙamshi har falo.

Kowa ya zaci za ta wanke Akanmu tas, don bakinta ba ya da linzami. Sai kawai ta tsamo kifin ɗaya-ɗaya ta jera a kan gefen zaninta.

Akanmu ya zo ya tsaya a kanta. Ya ce, "Akwai irinsu a kasuwa. Ba zai gane ba."

"Zai gane," in ji ta. "Ɗana ne."

Ya miƙa hannu ya zare wayar daga batir. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

"Iya Dayo."

"Na'am."

"Ƙosan addu'a, wake mudu nawa yake ci?"