Kifin Bayan Gidan Wuta

Shekarar da aka kawo injin wuta Kankiya ina aikin duba-gari, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin tsabta ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ko'ina ka duba gini ake yi. A bakin gari aka kafa gidan injin, gefen wani rafi da ke cika da damina, in rani ya yi kuma ya tsinke ya bar gurabe. In injinan suka tashi da la'asar, kana cikin kasuwa kana jin gurnaninsu a ƙirjinka. Ba wanda ya yi ƙorafi. Mun samu fitila a bakin titi, mun samu ruwan sanyi.

Aikina ne kewaya gari, don haka na san bayan gidan injin. Akwai bututun da ke fitar da ruwan wankin inji haɗe da baƙin mai, yana gangarawa cikin rafi. Akwai kuma tsibin matattun batura jikin shingen waya, na injin da na motocin ma'aikatar, wasu sun fashe, ruwansu ya ƙone ciyawar wurin. Na taɓa yi wa mai kula da injin magana, ya ce za a zo a kwashe. Ban matsa ba, domin abin da aka koya mana a makaranta shi ne sauro da ƙuda da masai.

Ƙasa da wurin akwai babban gurbi wanda ba ya ƙafewa, kuma da shi gidan gwaggona ke ci. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da aka kawo ni makaranta daga Kusada. Suyar kifi take yi a ƙofar gida. Mijinta, wanda nake kira Baba, manomi ne da damina, masunci da rani. Akwai kuma jikarsu da aka kawo yaye ta zauna, 'yar mitsitsiya mai surutu, wadda ba ta barin gindin kaskon suya. Duk kan kifin da ya gutsure nata ne, ta tsotse shi tas.

Shanu ne suka fara nunawa. Wani Bafulatani daga wajen Fakuwa ya zo ya same mu, ni da malamin dabbobi, ya ce mu zo mu ga abin da bai taɓa gani ba. Muka bi shi a kan keke. Mun tarar da wata karsana tana ta kewaya wuri ɗaya, tana cizon haƙora, kumfa na zuba. Wata kuma ta kafa goshinta jikin bishiyar kuka ta ƙi motsi, idanunta a buɗe amma ba ta gani. Malamin dabbobi ya tambaye shi inda suka yi kiwo. Ya ce bakin rafi, kuma ya ga suna lasar waɗansu baƙaƙen akwatuna jikin shinge, ya ɗauka gishiri suke ji. Shanun nan biyu duk suka mutu, aka binne su ba a yanka ba.

Malamin dabbobi ya kai maganar sama. Bayan 'yan makonni sai ga wani mutum daga Zariya, mai binciken sinadarai, dogo, marar yawan magana. Aka haɗa shi da ni. Na kai shi bayan gidan injin, ya tsaya ya daɗe yana kallon baturan, sannan ya bi hanyar da ruwan sama ya zaizaye daga gindinsu har cikin rafi.

"Malam, ana su a nan?" ya tambaye ni.

Na ce ƙwarai, gidanmu ma da shi ake ci.

Ya ce to, kifi yake so. Kowane wata in samo masa daga sama da gidan injin, da bakin bututu, da babban gurbi, kada in haɗa su wuri ɗaya. Tarwaɗa ya fi so, domin ita ce ke kwana cikin taɓo. Ya nuna mini yadda zan nannaɗe kowace a leda, in sa a ƙanƙara, in ba direban motar Zariya. Ƙanƙarar ma a gidan injin nake karɓowa, don nan kaɗai ke da firjin kirki.

Baba ne ke kamo mini. Shi abin dariya ya ba shi, ya ce bai taɓa jin an kai tarwaɗa makaranta ba. Ranar farko Gwaggo ta soya wa baƙon wasu, ya ci har yana neman ƙarin yaji.

Abin da ya fi damuna a watannin nan shi ne kifin bai nuna komai ba. Nakan juya shi, in buɗe bakinsa, in shinshina. Ga ƙiba, ga santsi, yana fizgewa a hannu. Da ya ruɓe ko ya taso ya mutu a kan ruwa, da na san abin da zan ce wa mutane. Sai in ɗaure ledar in miƙa, in koma gida in tarar da irinsa cikin miya.

Wajen tsakiyar rani mutumin ya dawo. Na kai shi gidan Gwaggo, muka zauna a zaure, ta aiko da kwano. Na buɗe na tura masa. Ya dubi kifin, ya mayar da murfin a hankali.

"Malam, su wa ke cin na babban gurbi?"

Na ce kowa. Rabin gari.

"Yara fa?"

Daidai lokacin yarinyar ta leƙo zauren, bakinta duk mai. Ya bi ta da kallo har ta koma ciki.

Sannan ya yi mini bayani. Ya ce dalma ce, wadda ke cikin batir. Kifin sama da gidan injin da sauƙi. Na bakin bututu da na babban gurbi kuwa, hantarsu da ƙashinsu sun ɗauka, har tsokar ba ta tsira ba. Ya ce ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, suya ba ta kashe ta, banda ma ba ta kashe ta. In ta shiga jiki ba ta gaggawar fita, taruwa take yi. Ta fi cutar ƙananan yara da masu ciki, kuma ba lallai ne a gani yanzu ba.

Muna cikin haka Baba ya shigo da birginsa a kafaɗa, ragar nan da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa. Baƙon ya kama bakin ragar, ya murza ƙananan ƙarafan da ke sa ta nutse.

"Baba, ina kake samun waɗannan?"

"Ni ke zuba abina," in ji Baba. Ya ce dā sai an sayo daga Kano, yanzu kuwa ga dalma nan banza bayan gidan wuta. Fasa batir yake yi ya ciro, ya narka a tsohon gwangwani a murhun tsakar gida. Da haƙori ma yake matse ta jikin igiya.

Baƙon ya roƙe shi ya buɗe baki. Na matso na gani da idona. Wani siririn layi ne, shuɗi-shuɗi, ya bi dasashinsa a gindin haƙora. Baƙon ya ce masa ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafin sama. Na hagu ya tashi. Na dama ya ɗan ɗago, ya yi rawa, ya koma ya lanƙwashe. Baba ya yi dariya ya ce sanyin ruwa ne, shi ya sa kwanan nan birgin ba ya buɗe masa sosai.

Ni aka bar wa faɗa wa Gwaggo. Na same ta tana tsame kifi daga mai, na durƙusa gefenta na faɗi abin da na iya. Ba ta dube ni ba sai da ta gama tsamewa.

"To mi ya sami kifin? Ka gan shi da ciwo?"

Na ce ba a gani, Gwaggo.

"Abin da ba a gani, ba a ji, shi zan ce ma mutane ya hana ni suya? Da wanga kifi na rene ka."

Na ce wancan kafin a kawo inji ne. Na ce ko ba ta bar komai ba, ta hana yarinyar, kuma Baba ya bar narka dalma a gida. Ta gyara itacen murhu. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, yarinyar ta kwana biyu tana kukan ciki, ba ta cin tuwo, ga saurin fushi da ba halinta ba. Ta yi ta ba ta jiƙo tana cewa tsutsar ciki ce. Ta juya ta kwaɗa wa yarinyar kira, ta karɓe guntun da ke hannunta ta jefa cikin wuta. Yarinyar ta fashe da kuka, Gwaggo ta ɗauke ta ta goya, ta bar ni da kaskon.

A ofis aka ce kada in tada hankalin jama'a, a jira bincike ya kammala. Ba a hana su ba, ba a kuma ce a ci gaba ba. Ni dai na riƙa bin masunta ɗaya-ɗaya, da gidajen da na san akwai mai ciki. Magana ta bazu, mutanen Kankiya suka ja baya da tarwaɗa. Na ɗauka an samu sauƙi, har ranar da na je kasuwar Kusada gaida dangi. A layin masu banda na ga fuskokin masuntan da na sani. Sun kyafe kifin babban gurbi sun kawo inda ba a ji labari ba, mata daga ƙauyen Boko suna ta saye. Na yi wa ɗayansu magana, ya ce shi ma 'ya'yansa shi suke ci, in na san wani ruwan in nuna masa.

Daga baya mota ta zo ta kwashe baturan, aka haƙa rami aka juya bututun ciki. Mutumin Zariya ya ce hakan ya yi kyau, amma abin da ya riga ya kwanta cikin taɓo yana nan. Na ci gaba da aika kifi har damina ta zagayo. Daga nan aka ce mutumin ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje, ba a turo wani ba.

Gwaggo ta koma suyar ƙosai. Baba ya sha magani a asibitin Katsina, ya samu sauƙi, amma hannun bai koma daidai ba, ya jingine birgi. Yarinyar ta warke daga ciwon cikin. Sai dai surutun nan bai dawo ba. Da aka sa ta makaranta ba ta riƙe karatu, sai a faɗa mata abu ta tsaya tana kallon mutum. Ba wanda ya taɓa auna jininta, don haka ba zan ce ga dalili ba. Gwaggo ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan wasu shekaru aka jawo babbar wayar wuta, aka kashe injinan. Sai aka yi wani fari mai tsanani, babban gurbi ya ƙafe har ƙasa, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Taɓon ya bushe ya tsattsage, baƙi wuluk. Wata safiya na bi ta wurin na tarar da jakuna a jere, manoma na haƙar taɓon suna cika mangala, za su kai gona a madadin taki. Har daga Sukuntuni an zo. Na sauka daga keke na shiga cikinsu, na ba su labarin shanun, da hannun Baba, da abin da aka gani a cikin kifi. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, ya zazzage mangalarsa ya kora jakinsa. Sauran suka ce Allah ya kiyaye, suka jira na hau keke, suka ci gaba da haƙa.