Muryar Torleiv a Bas ɗin Alhamis

Torleiv Aasen yana tsaye gaban tukunyar kofi yana karanta mata hasashen yanayi. Haka yake yi kowace safiya tun da ya ajiye aiki: ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma, ya gyara murya sau biyu, sannan ya sanar da tukunya da kofuna cewa iska za ta taso daga yamma. Shekara talatin da takwas ya yi a jirgin fiton da ke haɗa tsibirinsu da gari. Ɗaure igiya da jera motoci ne aikinsa, amma abin da ya riƙe a zuciya lasifika ce, don shi ne mai cewa an kusa gaɓa, kowa ya koma motarsa. Ya daɗe yana zaton fasinjoji na jinkirin sauka ne don su ji ƙarshen zancensa. Abokan aikinsa sun ce ƙofar jirgin ce ke da nauyi. Da aka gina gada aka sallami jirgin, muryar ta biyo shi gida, babba, mai kauri, ba ta da aikin yi.

Yayarsa Gunvor ce ta samar mata aiki, ba da saninta ba. Shekararta tamanin da ɗaya, tana zaune ita kaɗai a jan gidan katako da aka haife su ciki, inda ruwan teku ke lasar duwatsun bayan madafa. Kowace Alhamis tana shiga bas zuwa asibitin gari a gasa mata ƙugu. Sai bas ya daina karɓar tsaba, tikiti ya koma cikin waya. Ɗiyarta Sissel, wadda ke aiki a gari, ta faɗi magana ɗaya ba ta maimaita ba: in Mama ba za ta iya kai kanta asibiti ba, to kafin sanyi ya shigo za ta dawo wurinta a gari, ɗakin da aka gyara mata a hawa na biyar. Gunvor ba ta yi musu ba. Taga kawai ta je ta tsaya, ta daɗe.

Torleiv ba ya tuƙi tun da idonsa na hagu ya yi hazo, amma ya ce a bar masa komai, zai yi mata bidiyon koyon sayen tikiti. Ya san waya tana iya ɗaukar bidiyon abin da ake yi a kan fuskarta da kanta, don ya taɓa tarar da minti ashirin na yatsansa yana neman yadda ake kashe abin. Sai ya ja fuskar wayar daga sama, ya danne ɗan zagayen nan har alamar makirufo ta fito, waya ta ƙirga uku, biyu, ɗaya, jan ɗigo ya kunnu a kusurwa. Ya gyara murya kamar ranar da aka fara miƙa masa lasifika.

Ɗaukar farko babu sauti, ya manta bai kunna makirufon ba, ya yi wa bango jawabi mai kyau ƙwarai. A ta biyu saƙon likitan haƙori ya faɗo tsakiyar hoton. A ta huɗu ya ji kamar muryar ta yi siriri, ya koma ga zuma. Kowace ɗauka sai ya sayi tikiti na gaske don a ga yadda ake yi, har ya tara goma sha ɗaya na bas ɗin da bai shiga ba. Ta ƙarshen ta fito yadda yake so. Yatsa na tafiya a hankali, murya na biye kamar mai rakiya: yanzu, Gunvor, ki danna koren; yanzu ki zaɓi na tsofaffi, ba abin kunya ba ne. Daga ƙarshe tikitin ya bayyana da 'yan igiyoyin ruwansa masu motsi, waɗanda aka sa don direba ya gane ba hoto ba ne. Ya aika mata. Shi kansa ya kalla sau shida a ranar, ita kuwa bai tambaye ta ko sau nawa ba.

Alhamis uku ta je ta dawo lafiya. Torleiv ya riƙa ba da labarin a kantin tsibiri, yana ƙara masa gishiri, har mai kanti ya fara buya bayan kwalayen madara in ya hango hularsa.

Ran Lahadi ta huɗu Sissel ta zo. Suka zauna a madafar Gunvor, ga kofi, ga waina mai zafi da cuku mai ruwan ƙasa. Torleiv ya sa rigar ulu ta fita kunya, ya zaɓi kujerar da haske ke faɗawa. Sissel ta ce tana so ta gani da idonta, Mama ta sayi tikitin Alhamis mai zuwa.

Gunvor ta goge hannu, ta ɗauki waya, ta danna sau ɗaya ta ajiye a tebur. Muryar Torleiv ta cika madafa. Koren maɓalli ya dannu da kansa, na tsofaffi ya zaɓu da kansa, ita kuwa tana shafa cuku a waina tana gyaɗa kai. Da igiyoyin ruwan suka fara motsi ta ɗaga wayar ta nuna wa ɗiyarta, yadda take nuna wa direba.

"Shi ke nan. Minti biyu ne, shi ya sa nake kunnawa tun daga layi."

Sissel ta karɓi wayar ta duba kwanan watan da ke jikin tikitin. Ta dubi kawunta.

"Kawu, wata guda Mama tana hawa bas da fim ɗinka."

Gunvor ta ce ai da farko ta gwada danna maɓallan, sai abin ya tsaya cak, murya ta ɗauke, ta ɗauka ɓata shi ta yi. Da ta ƙyale shi kuwa sai ya yi komai da kansa, ta ce lallai auta ya iya aiki. Direban ma ya taɓa ce mata wani abu game da kwanan wata, amma ba ta ji ba, lokacin Torleiv yana bayanin koren maɓalli. Yanzu dai direban yana gaida Torleiv, ya ce duk bas an haddace fim ɗin, akwai wani tsoho da ke amsawa daga baya.

Wani ɓangare na Torleiv, kuma ya san wannan abin kunya ne, ya so ya tambayi mutum nawa ke cikin bas ɗin. Ya haɗiye tambayar. Ya ga Sissel ta ajiye cokali, ta zuba wa mahaifiyarta irin kallon mai auna kayan ɗaki, wanne zai shiga hawa na biyar wanne za a bari.

Ya ce laifinsa ne. Gida huɗu ne tsakaninsa da yayarsa, amma bai taɓa zuwa ya zauna gefenta ya ga yatsanta a kan wayar ba, ya tsaya gyaran murya. Ya roƙi Sissel kada ta yanke hukunci a kan wautarsa. Sissel ta buɗe manhajar tikiti ta gaske ta tura wayar gaban mahaifiyarta. Ta ce in Mama ta saya yanzu da hannunta, zancen gari ya mutu har bazara.

Gunvor ta gyara tabarau. Yatsanta ya yi shawagi a kan fuskar wayar, Torleiv ya miƙa wuya ya ja numfashi.

"Yaya, ki fara da…"

"Auta, na ji ka sau arba'in, na san abin da za ka ce kafin ka ce shi. Kai kake rikita ni. Tashi ka ba ni wuri."

Ya dubi Sissel ko za ta cece shi, ta nuna masa ƙofa da haɓa. Ya miƙe, ya ɗauki wainarsa da bai gama ba. Yayarsa ta sunkuya kan wayar, ta kaurara murya yadda ya saba, tana ba kanta umarni a hankali, yatsanta ya sauka kan koren. Bakinsa cike da gyara uku da ba wanda ya nema, ya cusa sauran wainar a ciki, ya fita ya ja ƙofa.