Ƙwayar da Malama ta sha

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Malama ta rasu a ɗakin kulawa ta musamman da ita ta kafa. Ciwon da ke ƙandarar da huhu ne ajalinta, wanda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bincike a kansa.

Malama, a bayan idonki "Sake Auna" muke ce miki, domin duk sakamakon da ya yi kyau zargi yake ba ki. Mun sha kuka a hannunki. Amma ke ce mai sunkuyawa kan majiyyacin da na'ura ke yi wa numfashi, ki gaishe shi, ki nemi izininsa kafin a juya shi, ko da ba ya ji.

Lokacin da tarin ya kama ki, ni ɗalibarki nake jagorantar gwajin wani sabon magani na ciwon. Rabin majiyyata na shan maganin, rabi na shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ba likita ba majiyyaci da zai san wa ya samu wanne sai an kammala. Kika zo da tulun iskarki kika bi layin masu shiga gwajin. Na ce ki shigo ofis, kika ce, "Likita, ba a zo kaina ba."

Da jiki ya tsananta, autarki ta tare ni a baranda. "Anti, don Allah ki bincika. In ta banza Mama take sha, ku ba ta ta gaskiyar."

Ina da ikon yin hakan. Waya ɗaya ce zuwa ga mai haɗa magani. Na shiga na faɗa miki. Kika janye robar iska daga fuskarki.

"Wa ya ce miki ta gaskiyar tana aiki? Ba shi muke nema mu sani ba? In kin buɗe nawa, me za ki ce wa 'ya'yan sauran?"

Sai kika ce a gyara miki filo.

Ban buga wayar ba. Sai baɗi za mu san abin da kika sha. Autarki ba ta ƙara yi mini magana ba, ban kuma ga laifinta ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙuri, Ya sanyaya zuciyar autarki. Abin da kika hana mu sani kuwa, Ya sa ya zama numfashi ga waɗanda ba za su taɓa jin sunanki ba.