Kwamin da ke Bayan Garka

An haife ni a wani kwari na Abzin, arewa da Agadas, tun Nasara na mulki. A lokacin babu Arlit, babu Akokan. Inda garuruwan nan suke yau, a da fili ne na tsakuwa da iska, raƙumi ma ba ya son ya daɗe a can. Mu muna gabas, cikin duwatsu, gida biyar kewaye da rijiya ɗaya. Muna da garkar alkama da albasa da 'yan dabino, da awaki, da sa guda mai jan wasaki, wato babban gugan fata, tun safe har rana ta take. In san nan ya kwanta, garka ta mutu.

Kakata, mahaifiyar babana, sunanta Tamo. Ba'adara ce, aure ya kawo ta duwatsu. Ta iya Tamajak, harshen mutanen duwatsun, kamar a nan aka haife ta, amma faɗa da tatsuniya sai da Hausa take yin su. Da an sallame magariba, kafin a gama tatsar awaki, ni da ƙanwata Lalla mukan matso kusa da wutarta ta itacen aduwa. Tana ganina sai ta ce, "Ga maigidana nan, hannu rabbana. Wasu mazan su kawo cefane, nawa kunne kawai yake kawowa." In na ce ba ni son tsohuwar mata, sai ta ce, "Sake ni mu gani, wa zai ba ka ƙanzo?"

A bayan shingen garkarmu akwai wani kwami na dutse, irin wanda ake shayar da dabbobi, amma awakinmu ba sa sha a cikinsa. Kullum in an gama ban ruwa, wasaki na ƙarshe can ake juye shi. Na namun daji ne. Da safe sai ka tarar da sawun barewa, da na ragon dutse, wani lokaci har da na jimina. Mazanmu na farauta a daji da tarko da karnuka, mun ci naman barewa ba iyaka, amma ba wanda ya taɓa ɗana tarko a bakin kwami. Kowace safiya Kaka kan je ta durƙusa ta duba sawu. In damina ta kusa kuma sawun ya ragu, ta san ruwan sama ya sauka wani wuri, dabbobin sun ji ƙanshinsa. Sai ta nuna inda sawun ya nufa, makiyaya su bi da awaki. Ba su taɓa dawowa ba ciyawa ba.

Wata rana cikin sanyi wani sojan raƙumi ya zo da saƙo. Kumandan Nasara ya yi baƙo, mutum mai son ƙahoni, kuma labari ya kai musu cewa namun daji na zuwa rijiyarmu da ƙafarsu. Babana zai nuna wurin da lokacin da suke zuwa. In ya ƙi, ana bukatar shanu wajen aikin hanya, a fara da namu.

Ranar da yamma Baba ya zo ya zauna bakin wutar Kaka, abin da ba ya yi. Ya ɗora butar shayi, ya ba mu rabin baya. Shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika duban idonsa ba. Sai ta fuskance mu ta ce, "Ga ta nan, yau da ƙafa huɗu ta zo muku."

Muka ce, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Ta ce a wata shekarar fari, wata mata ta ɓata a daji da goyo a bayanta. Salkarta ta ruwa ta bushe, nononta ya ƙafe. Ta kwanta gindin dutse tana jiran ajali, sai ga barewa ita ma da ɗanta. Barewa ta dube ta ta ce, "Na san inda ruwa yake, amma yana ƙarƙashin yashi, ƙofatona ba ya kai wa. Ke kina da hannu, ba ki da hanci." Suka tafi tare. Matar ta tona, ruwa ya ɓulɓulo, iyaye biyu da 'ya'ya biyu suka sha. Matar ta ce, "Da me zan saka miki?" Barewa ta ce, "Ki bar mini saura kullum. In kin gamu da ni a daji, ki kore ni in kina iyawa, ni ma in gudu in ina iyawa. Amma in na sunkuyar da kai a ruwanki, ni baƙuwarki ce."

Aka yi gari a wurin. Shekaru suka wuce, sai jikan matar ya tashi, malalaci, ya ce me zai sa ya sha rana alhali nama na zuwa har gida. Ya laɓe, barewa ta sunkuya, ya harbe ta. Kashegari aka jefa guga, igiya ta kasa. Aka ƙara igiya, ta kasa. Ruwa ya yi ta ja da baya har garin ya watse.

Kaka ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Lalla ta ce, "Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Ba ta ƙare ba tukuna," in ji ta.

Baba ya juye shayi, ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Inna, jikan nan lalaci ya sa shi. Ni sa za a ɗauke mini. Tatsuniya ba ta jan wasaki."

Ta daɗe tana tura itace cikin wuta. Can ta ce, "Na sani. Ni da yara nake magana."

Bayan kwana biyu mota ta zo, ita ce ta farko da na taɓa gani. Baba ya nuna musu kwamin. Da asuba muka ji bindiga, ba sau ɗaya ba. Namun dajin da suka tsere aka bi su da motar har suka faɗi. Baƙon ya yanke kawuna ya bar mana naman, yana dariya, a ganinsa alheri ya yi mana. Ba wanda ya ci. Baba ya tona rami ya binne, ya wanke kwamin da yashi har hannunsa ya ɗaye.

Sanmu ya tsira, alkama ta yi kyau a shekarar. Kaka ba ta taɓa yi wa Baba gori ba. Ta ci gaba da sa a cika kwamin, tana zuwa da safe, ba ta samun komai sai sawun dila. Damina ta gaba ta makara, makiyaya suka zo suka tsaya gabanta, ta ce, "Ba ni da abin karantawa." Suka yi arewa a kan zato, ashe ruwan a kudu ya sauka. Awaki kaɗan suka dawo, su ma ba nono. Lalla, wadda nonon akuya ne abincinta, ta rame, tari ya kama ta, ta rasu kafin sanyi. Ban ce bindigar ce ta kashe ta ba, rai na Allah ne. Amma Baba bai ƙara zama bakin wutar nan ba.

Na girma na zama direba. Na kai kaya Tamanrasset, na kai Kano, na kai har bakin teku, na koyi Larabci da Faransanci da Zabarmanci a hanya. A kudu na ga daji da aka killace wa namun daji, masu gadi da bindiga suna korar makiyaya, makiyaya kuma sun tsani dabbobin kamar su ne suka kore su. A arewa na ga inda aka bar kowa ya yi yadda ya so, har ba abin da ya rage sai ƙasusuwa. Da aka buɗe Arlit na zauna can. Ba zan ɓoye ba, ni ma na tuƙa wasu manya zuwa daji ranar hutu, na bi barewa da mota. Ni ba a yi barazanar ƙwace mini sa ba. Aikina kawai na ji tsoron rasawa.

Bara wata yarinya mai suna Fatimata ta zo gidana a Akokan. 'Yar makiyaya ce da ta yi karatu. Ita da abokan aikinta suna gyara wa rugage rijiyoyi, suna kai wa awaki magani, mutanen rugagen kuma suna tsare barewar da ta rage. Ta ce, "Baba Alhaji, an ce ka san kwarin da har yanzu barewa ke zuwa shan ruwa."

Na sani. Na dubi motarsu a ƙofar gida, na ce ta dawo jibi. Kwana biyu ina juya abin. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan haramcin nama take. Sai da na tsufa na gane a kan amana take, kuma ba ta tsaya kan dabba ba: wanda duk ya matsa wa mutum har ya rasa zaɓi tsakanin abincin 'ya'yansa da baƙon ruwansa, shi ya fara harbin.

Da ta dawo na ce, "'Yata, akwai gida uku a kwarin. In fari ya zo, me za su ci?"

Ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Wannan ya sa na yarda in kai su. Muka bar motar nesa, muka taka, ni da sanda. Matan kwarin suka kai mu mashayar. A cikin yashi mai laima muka ga sawu, na uku kawai, ɗaya ƙarami. Fatimata ta yi murna har da hawaye. Ni na kasa gaya mata cewa a da, wuri irin wannan, ba ka samun inda za ka sa ƙafa.