Inuwar Ƙofar Gidan Ekwutosi

Duk wanda ya san layin masu kayan miyan kudu a babbar kasuwar Maiduguri ya san Ekwutosi, wadda ake ce wa Maman Adanna. Agushi take sayarwa da manja da busasshen kifi, muryarta kuma tana kaiwa layi na uku ko da rangwame take yi maka. A Mafoni aka haife ta, iyayenta sun zo daga Anambra tun ba a yi ta ba, saboda haka in ta zage ka da Hausa sai ka juya ka ga ko Bahaushiya ce, in ta ƙara da Barbarci sai ka bar mata layin.

Gidanta kuwa yana can bayan Ajilari, inda turakun lantarki suka gaji suka tsaya. Mijinta Theophilus, direban babbar mota, shi ya sayi filin don ya yi araha, ya ce wuta tana nan tafe. Adanna tana goye a lokacin. Yanzu Adanna tana jami'a, wuta ba ta iso ba, shi kuma mai alkawarin yakan yi rabin wata yana hanyar Anacha, sai dai ya bugo waya ya ba da shawara. Wallahi babu abin da ke ƙona mata rai kamar shawarar mutumin da ke zaune a inuwar tasha.

Haka ta koyi zaman. Ruwa a wurin 'yan garuwa, girki da gawayi, guga da dutsen guga. Da ta tara abin da ta tara a adashe sai ta kira Stanley mai haɗa sola, ya jera mata faranti a kan rufin zaure, ya ajiye batir da firiza a ciki. Daga nan ta shiga sana'ar ƙanƙara, don a garin nan in zafi ya tsaya, ƙanƙara ta fi nama daraja. Kasuwa ke ciyar da gida, firiza ke riƙe da karatun Adanna. Ran da firizar ta yi barci, Ekwutosi ba ta yi.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ba ya tsayawa wuri biyu. Tana kasuwa tun safe, masu sayen ƙanƙara kuwa da la'asar suke zuwa. Abin da ya rufa mata asiri shi ne bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Da hannunta ta dasa ta shekarar da suka tare, lokacin ko akuya ba ta da wurin fakewa a unguwar, ta raine ta da ruwan wanke-wanke. Da bishiyar ta yi inuwa sai Baba Ba'ana, wani dattijo mai ɗinkin hula da ke bayan layi, ya kawo tabarmarsa ya shimfiɗa. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ake gayyata inuwa. Sannu a hankali makullin zauren ya koma aljihunsa. Shi ke miƙa wa masu saye ƙanƙara, ya zuba kuɗin a gwangwanin madara, shi ke korar awaki daga 'yar shukar ganyenta. Bai taɓa karɓar lada ba. In ta dawo ta gaishe shi da Barbarci ta ce, "Wushe, Baba," ya ce, "Sannu, 'yata," ta ba shi ruwan sanyi, shi ke nan.

To, bishiya ba ta san iyaka ba. Ta yi ta tashi har ta haura rufin zaure, rana na karkatawa sai inuwa ta kwanta a kan farantan. Batir ya daina cika, ƙanƙara ta koma rabi ruwa. Ekwutosi ta sa aka sassare rassan, damina ɗaya suka dawo sun ninka, kamar da gayya. Ga azumi ya gabato a tsakiyar bazara, watan da ƙanƙara ke biyan kuɗin makaranta na shekara.

Ta kira Stanley. Ya hau rufi ya sauko yana kaɗa kai.

"Madam, ko dai a mayar da farantan bayan gida, a yi sabon ƙarfe a sayi waya mai kauri, ko kuma bishiyar nan ta tafi."

Da ya faɗi kuɗin ƙarfe da waya sai ta tambaye shi ko da zinare za a yi walda. Ta buga wa Theophilus waya, ya ce ta yi haƙuri ya dawo su zauna su duba. Zauna su duba. Ta kashe wayar kafin bakinta ya ja mata zunubi.

Ta san abin da ya kamata. A unguwar, ko kai ka dasa bishiya, ranar da mutane suka fara zama a ƙarƙashinta ta tashi daga taka kai kaɗai, ba ka taɓa ta sai ka yi sallama da masu inuwa. Ta sani sarai. Amma ta san in ta je gaban Baba zai ce, "Bishiyarki ce, 'yata," ya ci gaba da ɗinkinsa, ita kuma daga nan ba za ta iya ba. Sai ta zaɓi Juma'a. Yana kama hanyar masallaci, mai faskaren da ta yi ciniki da shi ya iso da injin yanka. Da hannunta ta naɗe tabarmar Baba ta jingine a bango. Kafin a sauko daga salla, rana ta cika ƙofar gidan fal, har ido ba ya buɗuwa sosai.

Baba ya dawo ya tsaya ya dubi kututturen. Ya ce, "Allah ya sa albarka a sana'a." Ya ɗauki tabarmarsa.

Washegari ƙanƙara ta yi tauri kamar dutse. Ekwutosi ta ƙwanƙwasa ta da cokali, ta ji daɗi har cikin ranta, ta tafi kasuwa tana cewa ai Baba zai matsa jikin katanga ne kawai. Da yamma ta dawo ta tarar da zaure a kulle, firiza cike, gwangwani wayam, awaki sun yi wa shukarta aski. Wata maƙwabciya, Ya Fanna, ta leƙo ta miƙa mata makulli, ta ce Baba ne ya bayar a ajiye mata.

Ranta ya ɓaci, kunya ta fi ɓacin ran yawa. Ta ɗauki ƙanƙara babba ta bi bayan layi. Can ta same shi a ƙarƙashin wata tsamiya mai nisa, ya duƙufa a kan hula.

"Baba, fushi ka yi da ni?"

"Fushin me, 'yata? Bishiyarki ce." Ya ja zare ya dube ta. "Idona ne ba ya ganin allura a rana. Jikin ma ya tsufa."

Ta ce za ta kafa masa rumfa. Ta kafa kuwa, ta tamfol, ya zo ya zauna wuni ɗaya don kada ya kunyata ta, gumi na ɗiga a kan hular mutane. Bai sake dawowa ba, ita ma ba ta da bakin kiransa.

Yanzu azumi ya kama. Tana rufe shago tun azahar, a lokacin da ciniki ya fi daɗi, ta hau napep ta dawo ta tsaya da kanta a ƙofar zaure, rana na dukan ƙeyarta. Abin da firiza ta kawo, kasuwa ta rasa. Theophilus ya bugo ya ce shi da ma bai so a sare ba, ta ce masa ya gai da Anacha.

Kullum da safe kafin ta fita, takan ɗauko ruwan wanke-wanke ta juye a gindin kututturen. Ranar da Ya Fanna ta kama ta tana yi, sai ta haɗe fuska ta ce ba ta da wurin zubarwa ne. Bayan matar ta wuce, ta sunkuya ta duba ɓawon ko ya fara toho.

"Da ba a so ka girma, ka yi ta girma," ta ce. "Yanzu kuma sai an roƙe ka."