Shingen Cleto

Ni da Cleto, ƙanin mijina, mun taɓa yin wata biyu ba ko gaisuwa, a kan sandunan shanyata. Na fito da safe na tarar da kayana zube a ƙasa, sanduna huɗu sun yi ƙafa. Can bakin teku na same shi ya kafa su, yana kewaye wani rami da ragar kamun kifi.

A samartakarsa babu wanda ya kai shi haƙar ƙwan kififiya a gaɓar tekun jiharmu ta Tamaulipas, buhu-buhu yake kaiwa kasuwa. Da tsufa ya zo, kififiya ta yi ƙaranci, sai tausayi ya kama shi. Duk ranar da iska ta taso, wato ranar da suke fitowa saka ƙwai da rana tsaka, yana can da malafarsa yana korar karnuka da ungulu.

Na dubi ramin na ce babu ƙwai a ciki. Tun ina yarinya nake tsintar itace a wurin. Wadda ta saka ƙwai takan binne, ta daddaɓe yashin da ƙirjinta. Wannan kuwa saiwa ta ci karo da ita, ta bar ramin, ta ja jiki gaba.

"Femia, je ki toya wainar masararki," in ji shi. "Ƙwai sana'ata ce."

Sanda kawai zai soka ya gane, amma ya rantse ba zai ƙara soka sanda a yashi ba, don ya fasa da yawa a baya.

Na bi sawun kififiyar taku ashirin, na ga inda aka daddaɓe. Na kife tsohon kwandon kaji a kai, na danne da duwatsu. Kullum Cleto yana wuce shi, yana mitar masu zubar da shara.

Kwana hamsin ya yi yana gadin rami wayam, har inuwa ya yi masa. Wata safiya kwandon ya fara motsi. Na kira shi na ɗaga. 'Ya'yan kififiya suka yi ta bulbulowa, ya durƙusa yana share musu hanya, yana dariya, hawaye na bin gemu.

Bara 'yarsa ta ɗauke shi zuwa birnin Tampico saboda ciwon gwiwa. Ya leƙo ta tagar mota yana ba ni amanar gaɓar, wai in riƙa lura da kyau.

Na ce, "Tafi abinka, tsoho. Ƙwai ba sa ɓace mini. Sandunana dai har yau ban gansu ba."